Kyamarar Titi: Daga Akwatin Katako Zuwa Aljihu

Ɗaukar hoton jama'a a kan titi, ba tare da an tsayar da kowa an ce ya gyara tsayuwa ba, sana'a ce da ta daɗe tana jiran kayan aikinta. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple na birnin Faris daga tagar bene. Titin na cike da kekunan doki da masu wucewa, amma a hoton ya fito wayam, domin farantin da ake ɗaukar hoto a kansa yana buƙatar mintuna kafin haske ya kama shi, kuma duk abin da ke motsi sai ya ɓace. Wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi ne ya fito, saboda bai gusa ba.

Shekaru da dama kyamara ta ci gaba da zama akwatin katako mai ƙafa uku. Eugène Atget, wanda ya rasu a 1927, ya yi ta yawo da irinta a tsofaffin unguwannin Faris tare da farantan gilas masu nauyi, yana fita da sassafe, shi ya sa lunguna da ƙofofin shaguna suka fi mutane yawa a hotunansa. George Eastman ya fitar da Kodak a Amurka a 1888 da fim na naɗi mai ɗaukar hoto 100. A Landan kuwa Paul Martin ya riƙa ɓoye kyamararsa kamar ƙunshin kaya yana ɗaukar 'yan dako da 'yan talla.

Babban sauyin ya zo ne daga garin Wetzlar na Jamus. Oskar Barnack, injiniya a kamfanin Ernst Leitz, yana fama da asma, kuma ɗaukar manyan kaya na wahalar da shi. Ya ƙera ƙaramar kyamara mai amfani da fim ɗin silima, ya faɗaɗa gurbin kowane hoto zuwa milimita 24 a 36. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta aikin, sai a 1925 aka sa ta a kasuwa da sunan Leica, da idon kyamara na milimita 50 wanda Max Berek ya tsara. Wannan lamba tana kusa da tsawon gurbin fim ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa, wato kimanin milimita 43, don haka hoton yana fitowa kusan yadda idon mutum ke auna nisa. Henri Cartier-Bresson ya sayi Leica a farkon shekarun 1930, ya riƙe milimita 50 kusan duk rayuwarsa, har yana rufe ƙyallin ƙarfen kyamarar da baƙin tef don kada ta ja hankali.

Zaɓen idon kyamara shi ke yanke inda mai hoto zai tsaya, kuma a nan magabatan sana'ar suka rarrabu. Mai milimita 50 yana iya tsayawa nesa kaɗan ya jira. Mai ido mai faɗi dole ya kutsa cikin jama'a. William Klein ya yi haka a New York a tsakiyar shekarun 1950, Garry Winogrand kuma ya shahara da milimita 28. Da Winogrand ya rasu a 1984 ya bar naɗin fim kusan 2,500 da ba a wanke ba. Faɗin yana da wata fa'ida ta aiki: na kusa da na nesa duk suna fitowa tas, don haka akan saita nisa tun kafin a ɗaga kyamara, a danna kawai. Idon da ke janyo abu daga nesa bai taɓa samun karɓuwa sosai a wannan fage ba, kuma da gaskiyar masu sana'ar, domin hotonsa yakan fito kamar na mai leƙe.

Rolleiflex, wadda aka fara sayarwa a 1929, ta bi wata hanya. Ana riƙe ta a ciki, a sunkuya a duba gilashin da ke samanta, mai wucewa bai san shi ake nufi ba. Da ita Vivian Maier, mai rainon yara a Chicago, ta ɗauki dubban hotunan da duniya ba ta gani ba sai bayan an yi gwanjon kayanta a 2007.

Daga baya kamfanonin Japan suka karɓi ragamar. Ricoh ta fitar da GR1 mai milimita 28 a 1996, irin ƙananan kyamarorin da Daido Moriyama ke yawo da su a unguwar Shinjuku ta Tokyo. A 2011 Fujifilm ta sa X100 a kasuwa, kyamarar dijital mai ido ɗaya tak da ba a cirewa, daidai da milimita 35. Babban idon da ke bayan yawancin wayoyin hannu na yau yana tsakanin milimita 24 da 28 a ma'aunin tsohon fim, wato kusan faɗin da Winogrand ya yi aiki da shi.