Tarihin Koyar da Yara Kalmomin Turanci a Gaya da Ajingi

Karatun boko da harshen Hausa ya shigo ƙasar Kano, domin makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa take koyarwa, kuma makarantun elementare da En'e, wato hukumar gargajiya da ta kasance ƙarƙashin Sarkin Kano, ta riƙa kafawa daga baya a manyan garuruwan gundumomi irin su Gaya, su ma turbar da suka bi ke nan. Yaron da ya taso a ƙauyukan gabas, har da yankin da a yau ya zama ƙaramar hukumar Ajingi, ba ya gamuwa da Turanci sosai sai in ya yi sa'ar wucewa Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yanzu.

Littattafan Turanci na wancan zamani an gina su ne bisa dabarar ƙayyade kalmomi, ma'ana a zaɓo waɗanda aka fi amfani da su, a riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan ana maimaita kowace a darussa da dama kafin a kawo wata, dabarar da Michael West ya yi fice a kanta, har ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ne ya kai wannan darasi ga ɗan talakan karkara, sa'ilin da makarantu suka yawaita fiye da yadda kwalejojin horar da malamai, irin ta Wudil da ke maƙwabtaka da Gaya, za su iya wadata su da malamai, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, Turanci kuwa ya zama darasi kafin daga baya ya zama harshen koyarwa.

A cikin aji, malami ya tarar da ɗalibai da suka saba da hadda tun daga makarantar allo, don haka sai ya rubuta kalma da alli, ya faɗa su amsa baki ɗaya, ya bi da bita da shifta, wato rubuta abin da aka ji an faɗa. Wannan hanya tana da amfanin da masu sukarta kan raina, musamman a ajin da ya cika maƙil kuma babu littattafai, amma rauninta shi ne kalmar da aka haddace ba ta da inda za ta yi aiki, tunda gida da gona da kasuwa duk Hausa ake yi. Shi ya sa ƙwararrun malamai suka dogara da nuna abu a zahiri, da kuma kalmomin aro da yaro ya riga ya mallaka, irin su bokiti da tebur da kofi da fensir, waɗanda ke zame masa tsani zuwa asalinsu na Turanci, ko da yake sai an yi fama da wasulan da Hausa ke cusawa tsakanin baƙaƙe, da kuma sautin p da ke komawa f. Wasu kuwa, irin su asibiti da likita, sun narke cikin Hausa har yaro ba ya jin kamarsu da asalin, sai an koya masa su tamkar sababbi.