Daƙiƙa 40 a Sararin Kourou: Rokar da Ta Haɗa Masana da Masu Masana'antu

Ranar 4 ga Yuni, 1996, aka harba roka mai suna Ariane 5 a karo na farko daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa da ke Kudancin Amurka. Ƙasashen Turai sun shafe kusan shekara goma suna ƙera ta. Tana ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu na binciken kimiyya. Ba ta cika daƙiƙa 40 da tashi ba ta saki hanya, ta kakkarye, ta tarwatse.

Kwamitin bincike, ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions, ya fitar da rahotonsa a watan Yuli. Injin lafiyarsa ƙalau, matsalar daga manhaja take. An ɗauko manhajar na'urar da ke sanar da roka matsayinta da saurinta daga Ariane 4, wadda ta daɗe tana aiki lami lafiya. Ai da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a farkon tashi, don haka wata lamba ta yi girman da ba a tanadar mata ba. Manhajar ta nemi zuba ta a ma'ajin da ba ya ɗaukar sama da 32,767, kamar a juye buhu a mudu. Na'urar ta tsaya cak. Ta ko-ta-kwana ma ta riga ta tsayawa, domin manhajarsu iri ɗaya ce. Abin takaici, wannan ɓangaren ba shi da wani amfani da zarar roka ta bar ƙasa.

Idan muka koma baya za mu ga an daɗe da yin kashedi. Tun a 1969 Edsger Dijkstra ya nuna cewa gwaji na iya tabbatar da akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Mai sayen hatsi yakan zura hannu a buhu ya ɗebo kaɗan ya duba; tsakuwar da ke can ƙasa kuwa sai an je gida.

A 1977 wasu ma'aurata masana a Grenoble, Patrick Cousot da Radhia Cousot, haifaffiyar Tunisiya, suka fito da wata dabara ta daban. Maimakon a kunna manhaja ana gwada ta da lamba ɗaya bayan ɗaya, sai a lissafa iyakar da kowace lamba za ta iya kaiwa. Idan mun san buhu ba ya wuce kilo 100, kuma buhu 30 za a loda, ba sai mun auna kowanne ba kafin mu san kayan ba za su haura kilo 3,000 ba. Kusan shekara 20 dabarar ta fi zama a mujallun masana da ɗakunan bincike.

Asarar Kourou ce ta buɗe mata ƙofa. Aka ba Alain Deutsch, mai bincike a cibiyar INRIA ta Faransa, manhajar Ariane 5 ya bi da na'urar tantancewarsa, ta kuwa gano kuskuren da ya kayar da rokar. Da ita aka tace manhajar kafin harbi na biyu a watan Oktoba, 1997. Daga wannan aiki aka kafa kamfanin PolySpace a 1999, wanda MathWorks ya saya a 2007.

Amma da sauran rina a kaba. Irin waɗannan na'urori suna yawan ƙararrawar ƙarya, su nuna haɗari inda babu, har injiniyoyi su gaji da bibiya. A 2001 ayarin su Cousot a makarantar ENS ta Paris ya fara gina Astrée, kamfanin Airbus kuma ya ba su ainihin manhajar da ke sarrafa jirginsa. Duk ƙararrawar ƙaryar da ta fito, sai masanan su binciki dalilinta su gyara lissafinsu. A watan Nuwamba, 2003, Astrée ta tantance layi 132,000 na manhajar sarrafa jirgin A340 cikin awa ɗaya da minti 20, ta tabbatar babu kuskure irin na Ariane a ciki, ba tare da ƙararrawar ƙarya ko ɗaya ba. Haka aka yi wa A380 kafin tashinsa na farko ranar 27 ga Afrilu, 2005.

Wannan bai kawar da gwaji ba. Astrée ba ta san abin da injiniya ya nufa ba, iyakarta ta ce lamba ba za ta yi ambaliya ba, ba za a raba da sifili ba. Ko manhaja ta yi aikin da aka gina ta dominsa, wannan har gobe sai an gwada.

Abin da tarihin ya bar mana shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masana na da lissafi, amma ba su da manhajar gaske da za su wasa shi a kanta. Kamfanoni na da manhajar, amma sukan ɓoye ta a matsayin sirrin kasuwanci. Yau da albashinmu, kuɗin cefanenmu da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu duk ta manhaja suke bi, ya dace mu tambayi bankunanmu da jami'o'inmu ko sun fara zama a tabarma ɗaya, ko kuwa su ma sai roka ta faɗo.