Daga Lefen Kaba Zuwa Saitin Akwati

Idan muka bi asalin kalmar lefe, za mu tarar kwando ne da ake saƙawa da kaba. A cikinsa kakanninmu kan zuba 'yan zannuwan saƙi a kai gidan amarya. Daga baya fantimoti ya ture shi, sannan akwati. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa akwati ɗaya ya daina isa, leshi da atamfar Holan suka shigo lissafi. Da shirin SAP ya karya darajar Naira a 1986, albashi ya koma ba ya kai wata, amma gwaggwannin amarya ba su fasa ƙirga turame ba. Sadaki kuwa, wanda shi shari'a ta wajabta, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne kacal.