Tabar Wiwi a Hannun Likita: Daga Farfaɗiya Zuwa Otizim

A cikin shekarar 1839 wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna William O'Shaughnessy, wanda ke koyarwa a Kwalejin Likitanci ta Kalkata sa'ad da Turawan Ingila ke riƙe da Indiya, ya gabatar da rahoto a kan ganyen da mutanen can ke kira ganja, watau tabar wiwi. Ya fara gwada ta a kan dabbobi, sa'an nan ya ba masu sanyin ƙashi da masu kwalara da waɗanda mahaukacin kare ya ciza. Amma labarin da ya fi tsayawa a zukatan likitoci shi ne na wata jaririya 'yar kwana arba'in wadda jijjiga ta kama, aka yi mata magungunan zamanin ba su amfane ta ba. Likitan ya ɗiga mata ruwan wiwi a harshe, ya yi ta maimaitawa, har jijjigar ta lafa, jaririyar ta rayu. To, jaririya ɗaya ce tak, ba a kwatanta ta da wata wadda ba a ba maganin ba, kuma sananne ne cewa jijjigar jarirai takan tsaya da kanta wani lokaci. Duk da haka labarin ya isa ya sa likitocin Ingila da Amurka suka karɓi ganyen hannu biyu-biyu. Tun daga wannan lokaci tarihin wiwi a maganin yara yake tafiya kamar haka: labari mai ratsa zuciya ya riga, hujja ta biyo baya da nisa.

Ba O'Shaughnessy ne ya fara rubutu a kanta ba. Ibn al-Baitar, masanin tsirrai na Andalus wanda ya rasu a 1248, ya bayyana ta a lambunan Masar, ya kuma yi gargaɗi cewa yawanta yana gusar da hankali. Abin da Bature ya ƙara shi ne shigar da ita kantin magani. Daga tsakiyar ƙarni na 19 an rubuta ta cikin kundin magungunan Amurka, a 1890 kuwa J. Russell Reynolds, likitan Sarauniya Biktoriya, ya yaba amfaninta a mujallar likitoci ta Lancet. Sai dai tun kafin doka ta hana ta, likitoci sun fara juya mata baya, domin kwalba biyu daga kanti ɗaya ba su da ƙarfi ɗaya: wannan ta yi aiki, waccan ba ta yi ba, ko kuma ta bugar da majinyaci. Ba ta narkewa a ruwa, saboda haka ba a iya yin allurarta. Da asfirin ya fito a 1899, aka kuma fara ba masu farfaɗiya finobabital a 1912, sai ta zama tsohon yayi.

Doka ta zo ta rufe sauran ƙofar. A taron Janiba na 1925 wakilin Masar ne ya matsa lamba har aka sa wiwi cikin yarjejeniyar ƙayyade miyagun ƙwayoyi. Amurka ta ɗora mata haraji mai nauyi a 1937, alhali kuwa wakilin ƙungiyar likitocin ƙasar, William Woodward, ya je majalisa ya ƙi yarda da dokar. A 1942 aka cire ta daga kundin magunguna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ajiye ta a jeri ɗaya da hiroyin, watau jerin abubuwa masu haɗari ƙwarai waɗanda amfaninsu ga magani bai taka kara ya karya ba. A Nijeriya gwamnatin soja ta 1966 ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, kafin a sassauta hukuncin a 1975. Ko mene ne amfanin waɗannan dokoki wajen tsare matasa, sun jawo wata hasara wadda ba a lura da ita ba a lokacin: mai bincike da ke son sanin abin da ke cikin ganyen sai ya nemi izini iri-iri kafin ya taɓa shi, don haka mafi yawansu suka kama wani aikin.

Cikin 'yan kaɗan da ba su bari ba akwai Raphael Mechoulam na Isra'ila. A wurin 'yan sanda ya samo kilo biyar na wiwin da aka kama, ya ɗauko shi a motar haya zuwa ɗakin bincikensa. A 1963 shi da abokin aikinsa suka gano ƙirar sinadarin kanabidiyol, wanda ake taƙaitawa CBD, a 1964 kuma suka ware THC. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin dukan abin da ya biyo baya: THC shi ne mai bugarwa, CBD ba ya sa maye. A 1980 Mechoulam da likitocin Sao Paulo ta Barazil suka buga sakamakon gwaji a kan masu farfaɗiya 15. Takwas aka ba CBD, huɗu daga cikinsu suka kusa rabuwa da faɗuwa muddin gwajin. Sakamakon ya cancanci a bi shi da babban gwaji nan take, amma sai da aka shafe fiye da shekara talatin ba a yi ba.

A nan ya wajaba a koma baya, a ɗauko ɗaya zaren tarihin. A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, ya bayyana yara 11 masu wata hali ta daban: ba sa haɗa ido da mutane, wasunsu ba sa magana ko kuma suna maimaita abin da suka ji, kuma ƙaramin canji a tsarin da suka saba yakan tayar musu da hankali ƙwarai. Ya kira halin otizim. Wasu kafofin labarai na Hausa sukan ce galahanga, ko da yake jama'a suna amfani da wannan kalma ga wasu larurori ma. Shekaru da dama aka ɗora laifin a kan iyaye mata, aka ce sanyin zuciyarsu ne ya jawo, kuma littafin Bruno Bettelheim na 1967 ya ƙara yaɗa wannan zargi, har binciken tagwaye ya nuna cewa gado ne ke da babban kaso. Zargin ya faɗi, amma ya bar tabo: iyaye da yawa suka daina amincewa da masana, suka koma neman magani da kansu.

Kuma dole a yi musu adalci. Har yau babu maganin sha ko allura da aka tabbatar yana gyara ainihin alamomin otizim. Abin da ake dogara da shi shi ne horo da koyar da magana da makaranta ta musamman. Akwai kuma yaran da ke buga kai da bango, suna cizon hannunsu har jini, suna kwana ido biyu, gida duka ya kwana tare da su. Domin irin wannan fushi da cutar da kai hukumar magunguna ta Amurka ta amince da risferidon a 2006 da arifirazol a 2009, amma sukan sa ƙiba mai yawa da barci, wani lokaci har da rawar jiki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. An ga haka a 1998, lokacin da aka ba da rahoton yara uku da aka ce sun samu sauƙi bayan allurar sikiritin, wani sinadari na hanji. Talabijin ta yayata, iyaye suka yi rububi, suka kashe kuɗi masu yawa. Da aka yi gwaje-gwaje fiye da goma, ana ba wasu yaran sikiritin wasu kuwa ruwan gishiri ba tare da kowa ya san wane ne aka ba wane ba, sai aka ga babu bambanci. Iyayen ba ƙarya suka yi ba. Halin yaro yakan hau ya sauka, kuma mai fata yakan ga abin da yake fata.

Zaren biyu sun haɗu bayan 2013. A watan Agusta na shekarar tashar CNN ta nuna labarin Charlotte Figi, yarinya daga jihar Kolorado mai farfaɗiyar da ake kira ta Dravet, wadda aka ce tana faɗuwa kusan sau 300 a mako, faɗuwar ta ragu zuwa 'yan kaɗan a wata bayan an fara ba ta man wiwi mai yawan CBD. Iyalai suka yi ta ƙaura zuwa Kolorado. A wannan karo kuwa gwaji ya gaskata labari. A 2017 aka buga sakamakon gwajin yara da matasa 120: waɗanda aka ba CBD faɗuwarsu ta sauko daga wajen 12 a wata zuwa wajen 6, waɗanda aka ba maganin wofi kuwa daga wajen 15 zuwa 14 kawai. A watan Yuni na 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. A watan nan ne kuma jami'an filin jirgin Heathrow suka ƙwace man wiwi daga hannun mahaifiyar wani yaro ɗan shekara 12 mai farfaɗiya da otizim, aka kwantar da shi a asibiti, jama'a suka yi ca, har gwamnatin Birtaniya ta halatta wa ƙwararrun likitoci rubuta maganin daga 1 ga Nuwamba.

Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim fiye da sauran yara, saboda haka wasu iyayen da suka ba da man domin faɗuwa suka ce sun ga natsuwa da barci sun ƙaru. Adi Aran, likitan jijiyoyin yara a asibitin Shaare Zedek na Birnin Ƙudus, ya bi bayanin yara 60 da aka ba man, ya samu cewa an ba da labarin sauƙi mai yawa wajen fushi a kashi 61 cikin ɗari. Amma wata yarinya da ta sha mai yawan THC hankalinta ya gushe na ɗan lokaci, sai da aka yi mata magani. Aran bai tsaya a nan ba, kuma wannan abin yabo ne. Ya shirya gwajin da ya ƙunshi mutum 150 'yan shekara 5 zuwa 21, da man da CBD ɗinsa ya ninka THC sau 20, aka buga sakamakon a 2021. Ma'auni biyu aka ɗora gwajin a kansu. A na farko, wanda iyaye ke cikawa game da halin yaro a gida, ba a ga bambanci tsakanin man da maganin wofi ba. A na biyu, wanda likita ke yankewa, kashi 49 na masu shan man ganyen sun samu sauƙi sosai, masu maganin wofi kuwa kashi 21. Wannan 21 abin lura ne, domin yaro ɗaya ke nan cikin biyar da aka ce ya inganta alhali ba a ba shi komai ba. Yawan barci da rashin cin abinci su ne illolin da aka fi gani. Masu binciken da kansu suka rubuta cewa hujjar a gauraye take, ba ta wadatar ba. Gwaji ne na mako 12 a kowane zagaye, don haka bai ce komai ba game da ƙwaƙwalwar yaron da zai sha THC, ko da kaɗan ne, shekara da shekaru.

Majalisun dokoki ba su jira wannan sakamako ba. Jihar Pennsylvania ta sa otizim cikin larurorin da aka yarda a ba wiwi tun 2016, wasu jihohi suka bi sahu, galibi bayan iyaye mata sun cika zauren majalisa da labarin 'ya'yansu. Kuskuren 1961 shi ne hanawa ba tare da bincike ba. Na 2016 kuwa halattawa ba tare da bincike ba, bisa aron darajar da farfaɗiya ta samu da gumin gwaji. Kasuwa ita ma ta shigo da tsohuwar matsalar zamanin O'Shaughnessy. Wani bincike na 2017 ya auna kayan CBD 84 da aka saya ta intanet, kashi 31 cikin ɗari kawai aka samu abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jikin kwalba, kuma an samu THC a 18 daga cikinsu. Tataccen CBD ma yana iya taɓa hanta, musamman ga yaron da ke shan balfurowet domin farfaɗiya, shi ya sa ake bin masu shansa da gwajin jini.

A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin da take tare da hiroyin, da ƙuri'a 27 a kan 25. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi, kuma har yanzu noman wiwi da sayar da ita laifi ne a ƙasar, wanda hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ke bi. Labarin man yana isowa ta waya duk da haka, ba tare da alƙaluman Aran ba, kuma wiwin da ake sayarwa a ɓoye domin maye ake noma ta, watau abin da aka rage ƙwarai a man gwajin shi ne ya fi yawa a cikinta.