Katako Ba Ya Manta Damina

Mu kafintocin Gwarzo da Kabo ba mu gaji shimfiɗa katako a ƙasa ba. A da itace sama yake hawa: azarar giginya a rufin soro, maɗaci a ƙyaure. Ƙasan ɗaki kuwa na mata ne. Su zuba tsakuwa, su yi ta bugu da maɗabi, su shafe da ruwan makuba har daɓen ya yi sheƙi. Daɓe bai taɓa kumbura ba, sai dai ya fashe a sake.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, katakon Kudu ya samu hanyar Arewa, amma ya daɗe bai wuce tebur, taga da silin ba. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo wajen 1975, siminti ya kori daɓe, daga baya tayil ya hau kansa. Daɓen katako shi ne ɗan auta. Masu hali ke ganinsa a otal ko a gidajen birni, su dawo su ce, "Malam, irinsa nake so."

Nan aka fara shan kunya. A sari katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, a shimfiɗa a watan Janairu, lokacin da hunturu ya tsotse shi ƙarƙaf, a matse shi har jikin bango don ya yi kyau a ido. Agusta na zuwa ya sha laima. Katako a faɗi yake buɗewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, to da ya rasa wurin zuwa sai tsakar falo ta yi tozo. Wanda kuma ya sa ɗanye, sabon saukewa daga tirela, kafin bazara zai ga tsaga har tsinke na shiga. Sai mai gida ya ce an ba shi jabu. Ba jabu ba ne. Ƙyauren da ke cijewa da damina ai tun kakanni an san shi, mu ne ba mu sauko da wannan ilimin kan daɓe ba.

Yanzu wanda ya san aiki yakan jera katakon a ɗakin da za a sa shi, ya yi mako biyu. Ya tabbatar simintin ya bushe, ya shimfiɗa leda, ya bar tazarar santimita 1 zuwa 1.5 a gindin bango, sikatin ya rufe. In kuma ya riga ya tashi, a fara neman ruwan: famfo mai yoyo, ko mofa da ake jiƙawa sharkaf. A cire sikatin, a rage bakin da zarto, a jira. Masu gaggawar kankarewa da damina su suka fi ɓarna, don in ya bushe gefunan kowane katako za su zauna, tsakiyarsa ta yi tozo. Sai sanyi ya kama ake kankara, wanda ya ƙi kwanciya a ɓamɓare a sa sabo.