Hatimi da Hanya: Daga Manzon Katagum Zuwa VPN a Gololo

Ma'aikacin da ke zaune a Gololo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa, yana yi wa wani banki ko ƙungiyar agaji aiki daga gida, ya san wannan takaici. Ya kunna kwamfuta, ya jona ta da intanet ɗin gida, ya buɗe VPN na ofis, ta yi ta juyi, ta kama, bayan 'yan mintoci ta saki. Shi ya ɗora wa manhajar laifi, ofis kuma ya ɗora masa. A ganina dukansu suna neman ɓarakar a inda ba ta, kuma tarihin aika saƙo a ƙasar Katagum ya isa shaida: tun fil azal hatimi bai cika ba da matsala ba, hanya ce ke ba da ita.

A ƙarni na 19, bayan Malam Zaki ya karɓo tuta ya kafa masarautar Katagum, wasiƙar mulki da Larabci ake rubuta ta, a buga mata hatimi, a danƙa wa manzo amintacce. Ba ta zuwa hannun Sarkin Musulmi kai tsaye, sai ta bi ta Wazirin Sakkwato, wanda shi ne ƙofar Katagum da wasu masarautun gabas. Wanda ya fahimci wannan ya gama fahimtar VPN, domin aikinta ke nan: ta rufe saƙo yadda ɗan hanya ba zai karanta ba, ta tabbatar daga wa ya fito, ta shigar da shi ta ƙofa guda da ofis ya yarda da ita. Amma rufin bai taɓa rage nisa ba. Wani Bature matafiyi, Clapperton, ya bar Kukawa a Disamba 1823 da wasiƙar Shehu al-Kanemi, ya sauka Katagum a Janairu 1824, bai ga Sakkwato ba sai Maris. Abokin tafiyarsa Oudney ya rasu a Murmur, ba nisa da Katagum. Wasiƙa ta isa lafiya, tafiyar ce ta ci mutum. Manzon gida ma, idan damina ta yi nisa kogin Jama'are ya cika, dole ya jira jirgin fito da takardarsa a jaka.

Zamanin Turawa ya kawo tangaraho da gidan waya, aka mayar da fadar masarauta Azare a 1916, daga baya aka kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985. Duk da haka, kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma a manyan garuruwa suka taru. Sai da Econet da MTN suka fara aiki a Agusta 2001, Glo ta biyo a 2003, sannan waya ta kama hanyar ƙauye. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, garuruwa irin Gololo sun tsallake zamanin waya mai igiya. Abin da ake kira intanet ɗin gida galibi ƙaramar na'ura ce mai layin waya a ciki, an rataye ta a bakin taga, ko kuma wayar hannu ce da aka buɗe ta raba data. Saƙon zai bi iska daga kwamfuta zuwa na'urar, ya sake bin iska zuwa turken sadarwa da ke dogaro da dizal, sannan ya shiga wayar ƙarƙashin ƙasa da mai aikin titi zai iya datsewa. Kullen korona na 2020 ya tura ma'aikata gida a kan wannan hanyar, ba tare da an gyara ta ba.

Wani zai ce ai WhatsApp na tafiya, don haka sabis lafiya lau yake, laifin na VPN ne. Wannan hujja tana da kama da gaskiya, amma ta rikita abu biyu. Saƙon WhatsApp kamar wasiƙa yake, idan hanya ta yanke zai jira, da ta dawo ya wuce, mai shi bai ma sani ba. VPN kuwa zance ne da ake yi ba yankewa. Ɓangarorin biyu suna ta tabbatar da juna, kuma idan sabis ya sauko daga 4G zuwa 3G, ko adireshin na'ura ya canja, sau da yawa sai a koma gaisuwa daga farko. Ashe ita tona asirin raunin hanya take yi. Wani kuma zai ce akwai ranar da laifin na ofis ne, ko na kwamfutar. Haka ne: kalmar sirri takan ƙare, agogon kwamfuta yakan sauka daga daidai har takardar shaida ta ƙi karɓuwa, lambobin na'urar gida sukan yi karo da na ofis. Sai dai irin waɗannan suna hana shiga ne gaba ɗaya, kuma gyaransu sau ɗaya ne. Mai kamawa tana saki, da safe lafiya da yamma babu, ta hanya ce. Gwajin ma ba wuya: a matso kusa da na'urar, a sake gwada ta da layin wani kamfani. Idan ta zauna, an gano.

Akwai kuma ranar da babu abin da ɗan Gololo zai iya. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan wasu bankuna suka tsaya cik, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka kasa aiki a ɗakunansu.

Sarakunan zamanin da sukan haɗa manzo da doki da guzuri, domin sun san takarda ba ta kai kanta. Ofishin da ya ba ma'aikaci kwamfuta da VPN ya ce ya yi aiki daga Gololo, ya kamata ya haɗa masa da layi na biyu na wani kamfani, da kuɗin data, da batir ko farantin sola da zai riƙe na'urar idan an ɗauke wuta.