Titin Sabo Na Badun: Su Wa Suka Raya Shi Jiya, Wa Zai Raya Shi Gobe?



Duk majalisar da ka zauna a Sabo ta Badun, da wuya a tashi ba ka ji wani dattijo ya ce "ai kasuwa ta mutu" ba. Daga nan sai a ɗora wa gwamnati laifi, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ina ganin ya kamata mu waiwaya mu tambayi tarihi, shin wa ya raya titin nan tun farko? In mun gano wannan, to mun gano wanda ya wajaba ya sake raya shi.

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. A wancan zamani kakanninmu a warwatse suke cikin gari, suna raɓe a gidajen Yarabawa. Sai a 1916 aka ware musu wuri kusa da Mokola, wato Sabon Gari, wanda baki ya gajarta ya koma Sabo. Hukuma fili kawai ta bayar. Abin da ya mai da filin nan gari shi ne sana'o'i biyu: shanu da ake gangarowa da su daga Arewa, da goro da ake ɗaurewa huhu-huhu ana haurawa da shi.

Ginshiƙin sana'o'in nan kuwa shi ne maigida. Mai karatu, kada ka ɗauka mai ba da haya nake nufi. Idan falke ya iso da shanunsa bai san kowa ba, maigida ne zai ba shi masauki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalansa. Mahautan gari, waɗanda akasarinsu Yarabawa ne, bashi suke ɗaukar shanu, sai sun yanka sun sayar su biya, kuma maigida ne ke tsayawa lamuni tsakanin baƙonsa da mahauci. Mahaucin da ya ci amana, masu gida sukan haɗa baki su hana shi shanu har sai ya biya. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kan unguwar a 1969. A lissafinsa, kusan shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun duk shekara, galibi bisa bashi, ba takarda ba sa hannu.

To ina ruwan wannan da titi? Ai nan gizo ke saƙar. Baƙon da ke jiran kuɗinsa yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni. Zai ci abinci wurin mai tuwo, ya yi aski wurin wanzami, ya ba tela ɗinki, ya kai wa malami sadaka, ya sayi tsarabar iyali. Wato baƙo mai kwana shi ne ya ciyar da titin Sabo, kuma 'yan kasuwa ne da dukiyarsu suka gina ɗakunan da yake kwana.

Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Manyan motoci suka karɓe dako daga hannun jirgi, masu goro suka riƙa yin lodi kai tsaye daga garuruwa irin su Shagamu. Kara ta koma Bodija, daga baya aka kai ta Akinyele, can bayan gari. Da wayar hannu da tura kuɗi ta banki suka zo, sai ya zama falke ba ya bukatar jira. Baƙo ya daina kwana, mai tuwo da tela suka fara ji a jikinsu.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Maƙwabciyarmu Dugbe, wadda ita ce cibiyar cinikin Badun a da, mai manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis, ita ma ta ga tasku. Dogon benen nan Cocoa House da aka buɗe a 1965 ya yi gobara a 1985, bai dawo aiki ba sai 1992. A 2013 kamfanin Odu'a, wanda ke da ginin, ya buɗe sabbin rukunonin kantuna a gefensa, jama'a suka sake tururuwa. Abin lura a nan, masu dukiyar wurin ne suka zuba kuɗinsu.

Mu kuwa a Sabo, canji ne ya rufa mana asiri. Bayan gwamnatin Babangida ta karya darajar Naira a 1986, aka kuma fara ba da lasisin canji a 1989, titin ya sake cika. Amma fa mai neman dala minti nawa yake yi? Ko daga mota ba ya sauka. Ga shi kuma sana'a ce da takarda ɗaya daga Abuja ke iya girgiza ta. Mun gani a 2021 da Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala, mun kuma gani a 2024 da ya soke lasisi sama da 4,000. Titin da ya dogara da sana'a ɗaya, kullum a bakin rami yake.

Don haka shawarata ga masu hali a cikinmu ita ce su koma matsayin maigida. Da farko, tsofaffin ɗakunan baƙi da suka lalace a gyara su, su zama masauki mai tsabta da ruwa da wuta, domin har gobe direbobi da fatake na shigowa Badun. Na biyu, shagon da ke rufe a bai wa matashi mai sana'a, tela ko mai gyaran waya, a tsaya masa lamuni ya biya haya sannu a hankali. Na uku, masu shaguna su yi adashi don fitilun sola, yashe kwata da biyan 'yan sintiri, saboda tsiren Sabo na jawo mutanen gari da dare, kuma ba mai zama cikin duhu da wari. Na huɗu, a riƙe amana tsakaninmu da 'yan gari. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya nuna mana yadda dukiyar shekaru ke zama toka cikin kwana biyu.

Kakanninmu ba su jira kowa ba. In mu jikokinsu mun zauna jira, wata rana 'ya'yanmu za su sayar da gidajen nan su tashi. Allah Ya kiyaye, Ya sa wa kasuwarmu albarka, amin.